Tsirkiya daga Hanjin Layya

Abin da nake kaɗawa sunansa kontirbas. In ba ka taɓa ganinsa ba, ɗauki goge a ranka ka yi ta ƙara masa girma har ya fi mutum tsawo, ka ba shi ƙugu da tumbi, ka ɗaura masa tsirkiya huɗu masu kauri. A tsaye ake kaɗa shi, a rungume, ana fizgar tsirkiyar da yatsu. Ba shi ke ɗaukar waƙa ba, kuma ba wanda ya taɓa tasowa ya yi masa liƙi. Yana can baya yana gurnaninsa, sauran kayan kiɗa na tafiya a kansa, sai ranar da babu shi ne mutane ke cewa yau kiɗan ya yi lami. Na fara taɓa shi ina ɗalibi, a wata cibiyar koyon kiɗa a nan Yamai, inda aka jingine shi a lungu ba mai so. Tun ranar ya shiga raina bai fita ba.

Da rana malamin lissafi ne ni a kolej, Mushe, kamar yadda ake kiran malamin boko a nan, mai alli a hannun riga. Ƙarshen mako kuma ina cikin wani ƙaramin orkes, wato ƙungiyar makaɗa, da ke kiɗa a otel-otel da gidajen baƙi 'yan ƙasashen waje, inda ake cin abinci ana saurarenmu da rabin kunne. Unguwarmu ba ta san da wannan ba, kuma da dalili.

Matata 'yar wani Alhaji ce, mutumin Maradi, mai shagunan yadi a kasuwar Wadata. A gidansu makaɗi maroƙi ne, ko da kostim da karabat, shigar Turawa, ya hau dandamali. Ana yi masa kyauta, ana dariya da shi, amma ba a ba shi 'ya. Ita kuwa ta san ina kiɗa tun muna zance, ba ta kuma ce in bari ba. Abu guda ta roƙe ni: kada maganar ta kai ƙofar gidan ubanta. Na ɗauki alkawari nan take, don a lokacin ko ido ta ce in cire in ba ta, tambayata kawai na dama ko na hagu. Saboda haka kontirbas bai taɓa kwana a gidana ba. Yana ƙetaren kogi, a ɗakin ajiyar shef, shugaban orkes ɗinmu, ni nake zuwa wurinsa kamar mai zuwa dubiya. Maƙwabta in sun ga na tada moto, wato babur ɗina, da yamma sai su ce Mushe zai tafi koyar da 'ya'yan manya, ni kuwa ban taɓa gyara masu ba. Yawancinsu a Wadata suke neman abinci, teloli da masu butik, wato kanti, da direbobi, magana kuwa in ta shiga kasuwar nan da safe, kafin azahar ta gama zagaye ta.

Duk shekarun nan na ɗauka ɓoyon saboda tsohon ne kawai. Ai matata ta taɓa zuwa ta ji mu, farkon aurenmu, ta zauna can baya a lulluɓe, da muka dawo ta ce ƙarar abin nan a ƙirji ta ji ta, ba a kunne ba. Ita ke wanke farar rigar da nake kiɗa da ita, ta shanya ta a cikin ɗaki don kada a gani, ta goge ta saka mini a jaka. Ni dai a ganina mu biyu ne muke riƙe da sirri ɗaya.

Ana nan sai ciwon suga ya kama ni. Tsirkiyoyin da ke jikin kontirbas ɗin na ƙarfe ne, tsofaffi, wani baƙo ne ya bar mana su da zai koma ƙasarsu. Da can yatsuna sun yi kanta, ko garwashi na ɗauka ba na ji. Da ciwon ya zo sai fatar ta fara tsagewa, tsagar kuma ba ta warkewa. In na yi kiɗa ranar Asabar, har tsakiyar mako da ƙyar nake riƙe alli. Likita ya juya yatsun ya duba, ya tambaya ko aikin waya nake yi, na ce kusan haka. Ya ce ko mene ne in bari, in ba so nake wata rana a datse su ba. Shef kuma, Allah ya yafe masa, ya fara cewa ai mai piyano na iya yin bas, wato aikin kontirbas, da hannun hagu kafin in warke. Hannun hagu! Na daɗe ban ɗauki wayarsa ba.

To, sai neman tsirkiya mai taushi. Iri uku ake yi: ta ƙarfe, ta hanji, da ta nailan wadda ake yi don ta kwaikwayi ta hanjin. Ba a sayar da ko ɗaya a Yamai. Shiga duk shagon da ke rataye da gitar ka ce kontirbas, sai mai shagon ya ce ka maimaita. Ta hanji ta gaske sai an aiko daga Turai, da na ga farashinta a waya kuwa sai na kife wayar na nemi ruwa na sha.

Na fara da abin da ke kusa. Na gangara Gudel wurin masunta, muka yi fofo, gaisuwarsu ta Zabarmanci, na zaɓi zaren nailan mafi kauri, irin wanda suke kama giwan ruwa da shi, suna ta tsokanata wai wane kifi ne Mushe ke hari. A yatsa kam lafiya lau. A kunne kuwa kamar ana dukan bokitin roba. Ga zafin garin nan na sa shi saki: ka ɗaure shi daidai a farkon waƙa, kafin a kai tsakiya ya sauka ya bar ka a hanya, mai saksofon na waigowa yana harararka. Na murɗa biyu wuri ɗaya, na murɗa uku, na naɗe wata da zaren ɗinki don ta yi nauyi. Daga baya wani tsohon ɗalibina da ke karatu a waje ya aiko mini da ta nailan ɗin kamfani, a cikin takarda mai ƙyalli, an rubuta wai ba ka bambanta ta da hanji. Ƙarya suke yi. Manyan biyun dai da dama-dama, na bar su a jiki, amma ƙananan, waɗanda aka fi ja, muryarsu ba ta da ciki ko kaɗan. Ni na san muryar hanji. Kontirbas ɗin cibiyar nan da na fara koyo da shi akwai guda ɗaya a jikinsa, tsohuwa, ta yi gashi-gashi, amma in ka fizge ta sai ka ji kamar mutum ne ya yi gyaran murya a cikin katakon.

Wata rana ina lalube a waya sai na ci karo da wani tsohon Bature yana nuna yadda ake yin tsirkiya da hanjin tunkiya. Na kalla, na sake kalla. Ba inji, ba wani asiri. Ƙaramin hanji ake so, da ɗuminsa, a tatse, a wanke, a kankare, a jiƙa a ruwan toka, a haɗa da yawa a murɗa, a shanya a miƙe. Wahalar guda ce, in ji shi, samun sabon hanji mai yawa a rana ɗaya, don tsirkiya ɗaya tana cin na dabbobi da dama. Na gwada mahauta, amma kafin hanji ya iso tebur an riga an wanke an yayyanka, sauran kuma masu gashi sun kama tun kafin a yanka dabbar. Sai na tuna salla ta kusa, na yi dariya ni kaɗai. Wannan bawan Allah bai san Yamai ranar layya ba.

A shekarar ragona ba a gidana za a yanka shi ba. Tsohuwata tana garin Tawa, jiki ya yi nauyi, ta ce tana son ta ga an yanka a ƙofarta ko sau ɗaya ne, sai na aika aka saya can da sunana. Matata ta yarda, ta ce nama ai ba zai gagare mu ba, gidan Alhaji jera raguna ake yi. Ban gaya mata shirin hanjin ba. Ba don na ga wani laifi a ciki ba, wallahi. Na dai san za ta yi maganar wari.

Duk wanda ya san garin nan ya san ranar farko ba a cin naman ragon. Feɗe shi ake yi, a baje shi a kan sanduna biyu a gicciye, a jera raguna kewaye da wuta a bakin titi su yini suna gasuwa, sai washegari a sauke a raba. Abincin ranar salla kayan ciki ne: hanta, huhu, tumbi, da hanjin nan da mata ke naɗewa a jikin tumbi su soya da yaji. Kayan layya kuma ba a sayarwa, balle in miƙa kuɗi in ce a auna mini, sai dai a ba ka. Wanda duk ka gani da kwano yana bin gidaje a ranar, to bai yanka ba, ba shi kuma da halin yankawa. Na san wannan tun ina yaro. Kaina ne ya cika da tsirkiya har sanin ya rasa wurin zama.

Da aka sauko daga idi matata ta kwashi yara suka tafi gidan ubanta taya aiki. Ni kuma na tuɓe babbar rigar shadda don kada jini ya ɓata ta, na zura wata tsohuwar taguwa da ta koɗe, wadda nake wankin moto da ita, na sa takalmin wanka, na ɗauki bokiti. Ka ji fa. Mushe guda, ranar salla, ƙofar gidansa ba rago ba hayaƙi, ga shi cikin tsumma da bokiti a hannu.

Na fara da maƙwabcina na jikin katanga, wani Bazabarme direban taksi, mutumin kirki. Na same shi tsugune a kan ragonsa, hannu duk jini. Muka yi barka da salla, na ce alfarma nake nema, ƙaramin hanjin nake so, kada a yanka shi, kada ma a wanke. Ya dubi bokitin, ya dubi ƙofar gidana, sai ya sunkuyar da kai. Bai tambaye ni komai ba. Ya warware hanjin a hankali ya zuba mini, sannan ya yanko rabin hanta zai ɗora a kai. Na janye bokitin na ce a'a, hanjin kawai ya ishe ni. Ya matsa, na ƙi, har da ɗan zafi, don tsoro nake jinin hantar ya ɓata mini kaya. Sai ya ce Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya, murya ƙasa-ƙasa. Na ce amin da ƙarfi, na wuce gida na gaba.

Haka na bi layinmu gida-gida, na shiga na bayansa. Ko'ina abu ɗaya: a dubi bokiti, a yi shiru, a ba ni, a nemi ƙara mini wani abu, in ƙi. Wani tela ya ja ni bayan mota ya zuba mini a can don kada yaransa su gani. Matar wani gida ta riga ta yayyanka nata, ta aiko mini da shi a kwano da murfi, har na ji haushinta a raina, na ce wannan ta lalata tsirkiya mai kyau. Ina tafe ina yabon unguwarmu, ina cewa ka ga mutane masu kawaici, ba mai tsoma baki a abin da ba ruwansa. Abincin ranarsu nake kwashewa suna ba ni da hannu biyu, ni kuwa ina ta lissafin kaurin da tsirkiyar za ta yi.

A bayan gida na yini. Aikin ba na mai ƙyama ba ne. Na sa safar roba saboda tsagar yatsuna, in kama bakin hanji in tatse, in ɗura masa ruwa, in shimfiɗa a kan katako in kankare da bayan cokali har ya koma wani farin zare mai santsi. Toka ba ni da ita tunda ban hura wuta ba, sai na jiƙa kanwa. Ƙudajen Yamai kaf sun zo mini barka da salla. Da matata ta dawo gab da magariba, ɗauke da kwanon soyayyen kayan ciki daga gidansu, tun daga zaure ta toshe hanci. Na yi mata bayani ina ta murna. Ta tambayi inda na samo wannan uban hanji, na ce wurin maƙwabta. Ta ajiye kwanon a hankali, ta dubi taguwar da ke jikina tun daga wuya har ƙasa.

"A haka ka fita?"

Na ce to da shadda zan yi aikin kashi?

"Ka gaya wa wani abin da za ka yi da shi?"

Na ce haba, ai ban manta alkawari ba, ko mutum ɗaya ban gaya wa ba. Ta yi ajiyar zuciya ta shige ɗaki. Ni na zaci warin ne ya kore ta.

Washegari na gane. Ranar rabon nama ce, kuma kowace shekara 'yan tsokoki ake aiko mana kamar kowa. Wannan karon cinya guda aka shigo da ita, sai ga kafaɗa, sai ga haƙarƙari, har firigo, na'urar sanyi, ya ƙi rufuwa. Bayan nama sai ga tiyar shinkafa, ga kwalbar mai, ga sabulu, kowanne a rufe, kowane ɗan aike na cewa an ce a gai da Madam. Matar direban taksin ta shigo da kanta, ta riƙe hannun matata ta ce kada ta sa komai a rai, albashi kowa ya san halinsa, su ma akwai shekarar da ba su yanka ba. Ina ɗaki ina ji. Na rasa inda zan sa fuskata, a ɗakin da ba kowa sai ni. A masallaci liman ya riƙe hannuna bayan sallama ya daɗe bai saki ba, yana yi mini nasiha a kan haƙuri.

Na ce wa matata bari in koma gidajen nan in gaya masu ragona na Tawa, ga ma hotonsa a waya. Ta ce to, in suka ce bokitin fa? Nan na tsaya. Mai rago a Tawa me zai kai shi roƙon hanji da kashinsa? Ko dai in ce kiɗa, ko su ce tsafi. Ta ce in zauna in yi shiru, maganar za ta mutu da kanta. Shirun ni ya yi wa sauƙi. Ita ce mai zuwa suna da biki cikin matan nan, ita ake yi wa sannu da murya mai taushi, ita ake cika wa leda da ragowar abinci in za ta taso. 'Yar Alhaji guda, wadda ta saba ita ke bayarwa. Ta rage fita, ta rage magana. Ni kuwa in zan wuce majalisar ƙofar gida sai in ƙara wa moto wuta.

Amma ban zubar da hanjin ba. Kunya ta ci ni ta cinye, duk da haka kullum da safe ina bayan gida ina canza ruwan kanwa. Na kafa ƙusa a katanga, na ɗaura ƙugiya a jikin bishiyar dogon yaro, na lanƙwasa ƙarfe na yi abin murɗawa. Masu kaurin duk sun ƙi, waje ya bushe ciki ya ruɓe. Kyanwa ta yi gaba da guda, wata kuma ta tsinke ta zabge ni a kunci, na yi kwanaki ina ce wa yara a aji reshe ne ya karce ni. Biyu ne suka fita, siririyar da mai bi mata, su ne kuwa waɗanda nake nema. Da suka bushe suka koma ruwan zuma. Na goge su da takardar yashi ta kafintoci, na shafa masu man gyaɗa, na naɗe a tsumma na haye gada.

Ni kaɗai ne a ɗakin ajiyar shef, da rana tsaka. Na ɗaura su, na yi ta ja a hankali ina jiran su tsinke. Ba su tsinke ba. Da na fizgi ta farko sai gashin jikina ya tashi. Murya ce mai kauri, mai ɗumi, ta fito da ɗan gurnani sannan ta lafa da wuri, ba irin ta ƙarfe mai dogon baki ba. Katakon ya amsa har na ji a cikina. Yatsuna kuwa ba yanka, ba zafi. Na yi ta kaɗawa har la'asar ta kusa wuce ni. Ban taɓa jin daɗin wani abu da hannuna ya yi kamar wannan ba, kuma a ranar ban ji kunyar kowa ba. Na hau moto ina cewa a raina, mutumin da ya fitar da wannan murya daga hanjin rago, me zai ɓoye?

Da na iso gida na tarar da saƙo. Alhaji na nemanmu, ni da ita, gobe da hantsi.

Ban taɓa zama kusa da surukina ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, tun aurena abin da ke tsakaninmu bai wuce gaisuwa da addu'a ba. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa nesa da dardumarsa. Matata ta zauna a bakin ƙofa, ta ja mayafi har goshi. Tsohon ya tsufa a 'yan shekarun nan, yana zaune yana jan carbi. Bai dube ni ba, bango yake yi wa magana. Ya ce wani tela ne ya zo sayen yadi, ya ja mai tsare masa shago gefe ya gaya masa, shi ma don alheri, wai a riƙa leƙa gidan Mushe. Ya ce tun da ya shigo Yamai da ƙunshin kaya a ka, ba a taɓa faɗa masa maganar da ta hana shi cin abinci ba sai wannan. Ya ce ranar nan 'yarsa a gidansa ta yini tana suya da hannunta, tana dariya da 'yan'uwanta, ashe mijinta na can yana bin ƙofofi.

"Ina da rai, ina da shago a Wadata, a ce jikokina na jiran hanjin maƙwabta?"

Na ce Allah ya huci zuciyarsa, na yi layya, ragon yana Tawa wurin tsohuwa. Ya ajiye carbin. Sannan ya juyo ya dube ni sosai, abin da bai taɓa yi ba.

"To, Malam, in ba babu ba ce, mene ne? Faɗa mini. Ko mene ne, ni ubanka ne."

Wallahi a shirye nake. Maganar tana bakina, har na tsara ta: Baba, kiɗa nake yi, na daɗe ina yi, ban taɓa roƙon kowa da shi ba, hanjin kuma tsirkiya na yi da shi saboda yatsuna. Na tabbata a raina ita ma ta gaji, gara a ce mijinta na kiɗa da a ce yunwa ta kama ta a ɗakin aure. Amma alkawarin nata ne, saboda haka na ɗan karkata wajenta, ina jiran ta ɗaga mini kai ko da kaɗan. Ba ta dube ni ba. Muryarta ta fito daga cikin mayafi a sanyaye, ba ta ko rawa.

"Baba, babu ce. Asirinmu yake rufewa. Abin da ke hannunsa duk ya tafi wurin ragon tsohuwarsa da magani, gidan ba ko tiya. Kunyar gaya maka muka ji."

Tsohon ya cire tabarau ya ajiye. Na ga hawaye na bin gemunsa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Kansa ya yi ta zargi, wai ya shagala da kasuwa bai leƙa 'yarsa ba, wai ya ga ta rame ranar salla ya zaci aiki ne. Har yaba mini ya yi, ka ji, ya ce ɗan halak ne ke fifita uwarsa a kan cikinsa, ya sa mini albarka. Ina durƙushe ina cewa amin, amin, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban ƙaryata ta ba. Ba a ƙaryata mace a gaban ubanta.

Bayan la'asar kayan suka iso, lokacin da duk unguwa ke zaune a waje. Da gangan tsohon ya yi haka, don a san 'yarsa tana da uba. Amalanke guda shaƙe da buhunan shinkafa da gero da jarkar mai. Mai turin ya tsaya a tsakiyar layi yana tambaya da ƙarfi ina ne gidan Mushe, saƙo ne daga Alhaji. Mutane da yawa suka nuna masa a tare. Direban taksin ya taso ya kama masa sauke buhu yana ta hamdala, har cikin ransa murna yake taya mu. Ni kuwa na tsaya a ƙofa ina amsa barka.

Ranar matata ta dafa daga cikin shinkafar. Ta sallami yara da nasu, ta kawo nawa ɗaki ta ajiye, ta zauna. Na daɗe ina kallon kwanon kafin na tambaye ta dalili. Na ce tsohon da kansa ya ba mu hanya, ya ce ko mene ne. Yanzu ga shi ta sa shi kuka a kan abin da ba haka yake ba, ta kuma ɗora wa kanta sunan da ba nata ba.

"Babu, bana a yi maganarta, baɗi an manta," ta ce. "In aka ce 'ya'yan makaɗi, da shi za a kira yaran nan har su yi furfura."

Na ce wannan ai tunanin Alhaji ne da mutanen zamaninsa. Ita fa? Ita ma haka take ganina?

Ta ɗauke murfin kwanon. Ba fushi a fuskarta, ba komai.

"Na taɓa ce maka ba haka nake gani ba? Ba ka dai taɓa tambayata ba."

Ta turo mini kwanon ta ce in ci kada ta huce. Na wanke hannu na ci, tana zaune har na cinye.